Sojan da Ba a Kira Sunansa Ba

Tudun Wada,
11 ga Yuli, 1999.

Zuwa ga aminina Alhaji Balarabe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Hajiya Dije da yara da jikoki. Yaya ƙafar taka? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan damina ta zauna, masara ta wuce gwiwa, sai godiya. Ni kuwa ina nan yadda ka bar ni, tsohon hedimasta da ba wanda yake tambayarsa ko ƙarfe nawa ne.

Ɗanka, wato ɗan nan nawa soja, ya dawo daga yaƙin Saliyo. Motar Kano ta sauke shi ranar kasuwa, da jaka ɗaya, da kafaɗar hagu wadda harsashi ya ratsa. Ya rame, ya yi baƙi, amma da ƙafarsa ya shigo, alhamdu lillahi. Ya durƙusa a bakin zaure ya gaishe ni, na amsa ina kallon bango yadda muka saba. Daga nan ya nemi maƙwabcinmu ya raka shi kabarin uwarsa, don ka tuna yana can Tasalla ta rasu.

Ka san ɗan fari ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa kama sunan ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ban taɓa duban idonsa na yi masa magana ba. Haka uwata, Bafillatanar Burumburum, ta raine mu, haka kuma na tarar ana yi. Da Tasalla tana da rai abin da sauƙi. Ita ma ba ta kama sunan, amma takan aiki ƙannensa mata. Yanzu duk an yi musu aure. Gidan ya rage mu uku: ni, da shi, da matarsa Suwaiba, wadda in ta ji tarina sai ta koma ɗaki. Mutum uku a gida, amma kaji sun fi mu hira.

Ga abin da ya hana ni sukuni. In damina ta ɗauke zai je Kaduna gaban likitocin soja. In ya ce kafaɗar tana damunsa, za su sallame shi ya dawo gida. In ya ce ya warke, za su mayar da shi can. Zaɓin yana bakinsa. To, Suwaiba ta gaya wa matar maƙwabci, ita ta gaya wa mijinta, shi kuma ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce yaron ya ce komawa zai yi. Dubi yadda maganar ɗakin da ke bayan nawa take zagaya unguwa kafin ta iso kunnena.

Ban san abin da ya manto a can da zai koma ɗauka ba. Ga gonarmu ta hanyar Burumburum, rabinta ciyawa ta cinye don bayana ya daina lanƙwasuwa. Bai leƙa ta ba ko sau ɗaya. Inda yake wuni shi ne shagon Ubale. Wannan Ubale ɗalibina ne a da, wanda bulala ta kasa cusa wa lissafi. Ya je Legas ya dawo da talabijin da janareta da wani ƙaramin akwati da ake saka wa faifai, ya kama shago a bayan tasha. Samari suna biya su yi wasan yaƙi a cikin talabijin, gem suke ce masa. Daga la'asar har magariba ƙarar bindiga ce ke tashi daga wurin. Mutumin da ya ga yaƙi da idonsa, ya zo da shaidarsa a kafaɗa, shi ne yake biya a nuna masa na ƙarya. Wannan ita ce ƙasar da muka yi wa karatu.

Balarabe, shekarar da aka sallame ni daga aiki ba laifin tsaye ba na zaune, na kasa kai shi gaba da sakandare, kai ka riƙe hannunsa ka kai shi wurin ɗaukar kuratan soja. Ban manta alherin ba, kuma ba gori nake yi maka ba. Amma wanda ya hau da mutum bishiya shi ya san reshen da za a bi a sauko. Kai kana iya kiransa, kana iya zaunar da shi. Ka zo, ko ka rubuto masa, ka ce ya zauna.

A gaida Hajiya. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Gwadabe Inuwa.


Tudun Wada,
15 ga Agusta, 1999.

Aminina Balarabe,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya. Na ji ƙafar ta hana ka tafiya mai nisa, Allah ya sa kaffara ne. Mu nan ruwa ya yi yawa, katangar bayan gida ta zube, ban da wannan ba komai.

Takardarka ta iso tare da wadda ka rubuto wa ɗanka. Na ajiye masa tasa a bakin ƙofa. Ya karanta, bai ce komai ba, ko kuma ya ce amma maganar ba ta gama zagayen unguwa ba tukuna.

Tawa kuwa na karanta, na ga inda ka ce in yi masa magana da kaina. Har ka tuna min muhawarar da muka yi a kwaleji, ranar da na tsaya gaban Baturen makaranta na ce kunyar ɗan fari ragowar duhun kai ce, aka tafa min, aka ba ni kyautar ƙamus. Na gode da tuni. Ƙamus ɗin yana nan, gara ta ci kusan rabinsa. Magana da Turanci a zauren kwaleji daban, buɗe baki da Hausa a zauren gidanka daban. Kai da kake hira da ɗan farinka a waya kuna dariya, ba za ka gane ba.

Da na ga ba ka zuwa, sai na ce bari in huce a kan Ubale. Na yi ta faɗa a majalisar ƙofar masallaci cewa zan je in sa a rufe shagon nan. Ranar Talata bayan la'asar na ɗauki sandata na tafi.

Shagon duhu ne, labule a ƙofa, warin fetur da zufa, benci biyu cike da samari. Ba wanda ya lura da shigata, duk sun ba talabijin ido. Na zaci zan ga mutum yana gudu kamar a sinima. Ba haka ba ne. Sojan da kake tuƙawa ba ka ganinsa ko kaɗan. Hannu biyu kawai kake gani a ƙasan gilashin talabijin riƙe da bindiga, bakinta yana duban gaba, kamar hannunka ne, kamar idonka ne. In mai wasan ya juya, duniyar duka ta juya da shi. Lunguna ne da rusassun gidaje da buhunan yashi. Abokan gaba suna ɓullowa, in sun same ka gilashin ya yi ja, in abin ya yi yawa sai ka ga ƙasa ta taso ta tare ka, komai ya yi baƙi. Daga nan Ubale ya danna wani maɓalli, ka tashi garau, ka sake daga farko. Na ce a raina, wanda ya ƙera wannan bai taɓa zuwa jana'iza ba.

Samarin in sun karɓi abin riƙewar, wanda suke kira hannu, tsakiyar titi suke bi da gudu suna ɓarin harsashi suna ihu. Ɗanka ba haka yake yi ba. Bango yake bi. Ba ya wuce ƙofa sai ya tsaya ya leƙa, ba ya harbi sai ya tabbata, kuma in zai sha kwana kafaɗarsa ta gaske ma karkacewa take yi. Wani mai bakin tsiya ya ce masa, “Kofur, in haka kuka yi yaƙin, ai sai jikokinmu sun je sun ƙarasa.” Aka yi dariya. Ko juyowa bai yi ba.

Ina shirin ɗaga murya sai Ubale ya gan ni, ya zube ƙasa yana gaisuwa, ya ce Allah ne ya kawo ni. Wai kafin kowane yaƙi akwai wani dogon Turanci da ke fitowa, ba wanda yake gane shi a cikinsu, ga shi sun daɗe a maƙale a bakin wata gada, sun kashe kowa amma hanya ta ƙi buɗewa. Ya roƙe ni don Allah in duba. Ka san halina da rubutu. Na fito da tabarau. Na karanta, na juya musu da Hausa ina kallon talabijin: an ce a bar kan gadar, a bi ta ƙarƙashinta, a nemo ɗakin rediyo a lalata shi, kada a taɓa fursunoni.

Sai na ji muryar ɗanka a hankali ya ce, “Ubale, ka ce an ji.”

Ya bi ta ƙarƙashin gadar, ya sami ɗakin, hanya ta buɗe. Samari suka yi ta tafi suna cewa Malam ya ci gari. Shekara goma sha biyar ba wanda ya nemi Turancina, sai a shagon daƙiƙin ajina. Na je rufe wuri, na fito an ba ni gefen benci. Ka yi dariyarka, na yarda.

Amma ka lura da abu ɗaya. Na yi magana, ya ji muryata, ya aikata.

Gaisuwa ga iyali baki ɗaya.

Naka,
Gwadabe.


Tudun Wada,
26 ga Satumba, 1999.

Aminina,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya jiki, yaya Hajiya da fama da kai? Na sami saƙonka da maganin bayan da ka aiko, Allah ya saka da alheri. An fara karyar masara, dawa ta fitar da kai.

Ka tambaya ko na koma shagon. Kullum ina can. Mutanen gari sun gama yanke hukunci cewa na zautu, liman ma gaisuwarsa ta gajarce. Ban damu ba. Garin da bai tambaye ni lafiya ba lokacin da nake da hankali, ba ruwansa da haukata.

Ni nake zama a wannan ƙarshen benci, shi a wancan, Ubale a tsakiya. Duk mu biyun talabijin muke kallo, ido ba ya haɗuwa, don haka a fatawar da na ba kaina kunya ba ta karye ba. In na hango abu sai in ce, Ubale, gaya wa wancan sojan akwai mutum a kan soro. Shi kuma ya ce, Ubale, ka ce an gani. Ubale tun yana maimaitawa har ya gane ba a bukatar bakinsa, sunansa kawai ake ara. A wata ɗaya mun yi maganar da ba mu yi a shekara talatin ba, duk da dai a kan gurneti da buhunan yashi ce.

Wata rana ruwa ya tsare samarin a gida, muka rage mu uku. Na ce, Ubale, wai wane daɗi mutum yake ji a yaƙin ƙarya bayan ya ga na gaske? Ɗanka ya ci gaba da wasansa. Can ya ce, “Ubale, a nan duk wanda ya fito maka babba ne, da kakinsa da hular kwanonsa. Babu yara. Kuma in ka harbe shi, ka zagaya ka dawo, ba ka tarar da shi, an share wurin.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan game da Saliyo tun da ya dawo. Ban nemi ƙarin bayani ba. Na yi shekaru ina koyar da yara, na san tsawon ɗan aji huɗu, na san inda bindiga za ta tsaya masa in ya rataya ta.

Daga baya Ubale ya matsa sai na gwada da kaina. Ranar farko jiri ya ɗebe ni, na yi ta harbin sama da bango, na faɗa rami da ƙafata. A hankali babban yatsa ya saba. Ba zan ɓoye maka ba, akwai wani abu a ciki. Tsohon da ba wanda yake matsa masa a hanya, ga shi da bindiga kowa yana faɗuwa a gabansa. Na ji kunyar daɗin da na ji.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Alhamis shago ya cika, Ubale ya ce yau za a yi na mutum biyu. Ya miƙo min hannu ɗaya, ya ba ɗanka ɗaya. Gilashin ya rabu gida biyu, sama nasa, ƙasa nawa. Ni na zaci tare za mu yaƙi abokan gaba, ban san cewa a irin wannan junanku kuke farauta ba, kuma ba wanda ya gaya min. Ina ta lalube a lungu, na sha wata kwana, sai ga soja tsaye ya ba ni baya. Na danna. Rabin gilashin na sama ya yi ja, ya yi baƙi.

Samari suka fashe da ihu, wani yana cewa Malam ya gama da Kofur. Sai a lokacin na gane wanda na harba. Hannun ya suɓuce min ya faɗi ƙasa. Ubale ya gaya min daga baya cewa ɗanka ya riga ya gan ni tun da daɗewa, na ratsa ta gaban bindigarsa har sau biyu bai harba ba, sannan ya je ya tsaya ya juya baya.

Shi kuwa dariya ya yi, karo na farko da na ji dariyarsa tun yana yaro. Ya ce, Ubale, ka ce hannun Baba ya faɗa.

Dama kwana biyu kafin nan maƙwabci ya tare ni da albishir cewa Suwaiba tana da ciki. Abin ya haɗe min, na ce ko yau ko ba rana. Na ce, Ubale, gaya wa wancan sojan in ya je gaban likita ya ce kafaɗar tana ciwo. Ka ce masa gona tana jiransa, kuma akwai mai zuwa da zai bukaci uba.

Dariyar ta ɗauke. Ya ajiye hannun a kan benci. Ya ce, “Ubale, ka gaya wa Baba, a can akwai mutanen da in gari ya waye sunana suke kira su ji ko ina da rai. Kuma a bariki in an fito fareti, kowa da sunansa ake kiransa. Wanda ba a kira sunansa ba, ba da shi ake ba.”

Samarin nan duk sun zuba min ido, ’ya’yan ɗalibaina, wasu jikokin abokaina. Na buɗe baki. Sunan yana nan a kan harshena, ni na zaɓa masa shi, ni na raɗa wa liman a kunne. Sai na ga fuskar uwata, na ji yadda za a kwana ana cewa Malam Gwadabe ya kama sunan ɗan farinsa a shagon gem. Na rufe bakin ban kira ba. Ana haka aka kira magariba, kowa ya miƙe.

Ya jira har shagon ya watse. Sannan ya tashi ya fita.

Saura ’yan makonni ya taho wurinku Kaduna. Ka taya ni da addu'a, don shawara kam na san wadda za ka ba ni.

Naka,
Gwadabe.


Tudun Wada,
31 ga Oktoba, 1999.

Balarabe,

Sallama. Ina fatan kuna lafiya. Na gode da ka sauke shi a gidanka, na gode kuma da ƙoƙarin da ka yi a kansa. Ba sai na ba ka labarin abin da ya gaya wa likitoci ba, ka riga ni ji.

Ya dawo ya yi kwana biyu ya yi sallama. A kwanakin nan na je gona ni kaɗai, na shiga tsakiyar dawa inda ba mai ganina, na gwada kiran sunan. Ya fito. Na maimaita har murya ta saba, kan dawa yana kaɗawa kamar yana amsawa. Na dawo gida ina cewa ashe abin ba wuya.

Ranar tafiya na bi su tasha daga baya. Ban taɓa raka shi ko'ina ba, ko ranar da ya fara shiga makarantar da nake shugabanta. Ubale ne ya riƙe masa jaka. Ya sami wuri a jikin taga. Tasha cike, masu rake, masu lodin barkono, ’yan kamasho da duk sun san ni. Da mota ta cika direba ya tayar, sai ya leƙo da kansa ta taga ya dube ni. Ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Idon uwarsa ne da shi, ban sani ba sai ranar.

Na matsa kusa. Na buɗe baki. Ka san abin da ya fito? Na ce, direba, a tafi a hankali, hanyar ba ta da kyau.

Ya ɗan yi murmushi. Ya ce, “Ubale, ka ce an ji.” Mota ta tashi.

A hanyar dawowa Ubale yana biye da ni yana share ido da hular kansa. Ya ce akwai abin da aka hana shi faɗa, amma yanzu ba amfanin riƙewa. Wai ranar da na fara zuwa shagon, ba wata gada da ta gagare su. Ɗanka ya daɗe da wuce wurin, Turancin ma shi yake karanta musu. Da labari ya iso cewa ina tafe in rufe shago, shi ya sa aka mayar da wasan baya, ya ce in na shigo a ce ba wanda ya iya karantawa.

Ni da na ci kyautar ƙamus, ban tsaya na tuna cewa yaron ya gama sakandare ba. Shi ya gina min gada, ya tsaya a ɗaya bakin yana jira. Taku ɗaya ya rage nawa.

Ba ni da sauran magana yau. A gaida Hajiya.

Gwadabe.


Tudun Wada,
19 ga Disamba, 1999.

Zuwa ga aminina Alhaji Balarabe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da shan ruwa, yaya ibada? Allah ya karɓa mana, ya sa muna cikin ’yantattu. Ina fatan ƙafar tana barinka zuwa tarawihi. Mun yanke dawa, abin da ciyawa ta bari ya shiga rumbu.

Har yau ba takarda daga gare shi. Ina kunna rediyo safe da yamma, suna cewa an yi sulhu a can, sai kuma su ce an yi harbe-harbe a wani gari da ban iya faɗar sunansa ba. Na daina yarda da kalmar sulhu tun kafin a haifi masu karanta labaran. Suwaiba ta yi nauyi, uwarta ta zo daga Yako tana taya ta zama.

Samari sun bar wasan yaƙi, Ubale ya kawo musu na ƙwallo, shi suke rububi yanzu. Faifan yaƙin ni kaɗai na rage masa. Da hantsi, lokacin da azumi ya kwantar da kowa, Ubale yakan tayar min da janareta ya fita ya bar ni. In za a fara sabon wasa, akwatin yakan nemi a rubuta sunan soja. Da ina barin wurin yadda yake. Ran nan na bi haruffan ɗaya bayan ɗaya na rubuta nasa.

Tun daga ranar na daina bin tsakiyar titi. Bango nake bi, ina tsayawa a kowace ƙofa in leƙa, yadda na ga yana yi. Ba cin wasan nake nema ba, so nake in kai shi ƙarshen kowane lungu da rai. Na san shirme ne, ba sai ka gaya min ba. Amma ranar da gilashin ya yi ja ya yi baƙi, ko an sha ruwa kunu ba ya wuce min. Ubale yakan ce, Malam, ai dannawa za a yi ya tashi. Ni kuwa nakan daɗe ina kallon baƙin kafin in bari ya danna.

Ga abin da nake roƙo. Tare da wannan takarda akwai kaset. Ka ce kana da wanda ya san masu kai saƙo can in jirgi zai tashi. Don zumuncin da ke tsakaninmu, ka sa a kai masa.

Ba wani abu mai yawa a ciki. Na aro rikodar Ubale, na zauna a zaurena da rana tsaka, ƙofa a buɗe, masu wucewa suna wucewa. Na danna, kaset yana ta juyawa, na daɗe ban ce komai ba, za ka ji kaji da kukan jaki. Sannan na ce Surajo. Na sake cewa da ƙarfi, har wani mai keke ya tsaya ya leƙo. Na ce, Surajo, babanka ne, da kai nake. Ka dawo gida.

Da na ɗago kai sai na ga Suwaiba tsaye a ƙofar cikin gida, ta dafa bango. Ba ta gudu ba, ni ma ban kawar da kai ba.

Ka ce wa mai kaiwa ya ba shi hannu da hannu, ya gaya masa kada ya kashe in ya ji shiru a farko, ya ƙara haƙuri kaɗan, maganar tana gaba. In kuwa an je ba a same shi ba, kada ka dawo min da kaset ɗin, kada kuma ka gaya min a takarda. Ka zo da kanka, ko da ɗaukar ka za a yi.

Ka gaida Hajiya Dije da yara. Allah ya kai mu salla lafiya, ya dawo mana da na nesa.

Ni ne naka har kullum,
Gwadabe, baban Surajo.